Wankan yaro ba faɗa ba ne

Maganarmu ta yau ta cikin gida ce. Ta shafi uwa, ta shafi kaka, ta shafi mai gida shi ma.

Da safe ko da marece, in ka ratsa unguwa, a Tsarnawa ne ko a Tajaye, sai ka ji kukan yaro daga bayan darni. In ka tambaya mi ya same shi, sai a ce maka: "Ba komi, wanka ne ake yi mashi." Mun saba da wannan amsa. Har mun ɗauka wanka da kuka tare suke tafiya.

To, ba haka ba ne. Jinjiri ya yi wata tara cikin ruwa, a cikin uwarshi. Ruwa ba baƙo ba ne gare shi. Abin da yake ƙi daban ne. Yana ƙin ruwa mai zafi ƙwarai. Yana ƙin iska mai sanyi. Yana ƙin sabulu a ido, da soso mai kaushi, da hannun da ke gaggawa. In an raba shi da waɗannan, yaro da kanshi zai riƙa neman daro.

Wani zai ce: "Ina ruwanmu da daɗin yaro? Ai dauɗa ce muke son ta fita." Ga ruwanmu. Yaron da ke tsoron wanka, da ya fara tafiya sai ya fara gudu. Uwa ta dawo daga rijiya, ga daka, ga girki, ba ta da ƙarfin bin shi. Sai ta ce a bari sai gobe. Gobe ta ce jibi. In ma ta kama shi, sai ta watsa mashi ruwa sama-sama don a rabu. Wuya bai wanku ba, hammata ba ta wanku ba, fuska ba ta wanku ba. Nan ƙuraje ke samun wurin zama, da ƙazwa, da ciwon ido. Yaron da ke son wanka kuwa, ana wanke shi kullum, kuma ana wanke shi da kyau.

Zafin ruwa

Mu fara da ruwa, don nan ne aka fi yin kuskure. Hannun macen karkara ya saba da wuta. Tana sauke tukunya ba tsumma. Ruwan da ita ta ji ɗumi-ɗumi, ga jinjiri wuta ne, don fatarshi ba ta kai kaurin tata ba. Shi ya sa ba a auna ruwan wankan yaro da tafin hannu. A tsoma gwiwar hannu. In gwiwar hannu ta ji zafi, ruwan ya yi zafi. In ta ji sanyi, a ƙara na ɗumi. Abin da ake so, ruwan ya yi daidai da ɗumin jiki. Likitoci suna cewa digiri 37.

Wajen sirka ruwa, a fara zuba na sanyi cikin daro, sannan a zuba na zafi, a motsa da hannu. Kada a taɓa ƙara ruwan zafi yaro yana cikin daro. Kada kuma a aje tukunyar ruwan zafi ƙasa inda mai rarrafe zai kai.

A nan sai mun yi magana kan wankan jego. Ruwan da mai jego ke wanka da shi, ba shi ne na jinjiri ba. Wasu tsofaffi suna cewa ruwan zafi yana ƙarfafa jikin ɗa. Muna girmama su, su suka rene mu. Amma ƙarfin jinjiri daga nono yake zuwa. Ruwan zafi ƙuna yake kawowa, da tsoro.

In tsautsayi ya faɗa, yaro ya ƙone, a zuba ruwan sanyi mai tsabta bisa wurin, a yi ta zubawa kamar minti 20. A rufe da tsumma mai tsabta, a tafi gidan likita. Kada a shafa ƙwai, ko gishiri, ko toka, ko tawada, ko man goge haƙori.

Lokacin bazara ba sai an ƙona itace ba. A cika daro da hantsi, a rufe shi, a aje a rana. Kafin azahar ruwan ya yi ɗumi. Sai dai a auna shi kamar kullum, don ranar watan Afrilu da Mayu a ƙasar Adar ba wasa ba ce. Ruwan da ya yini cikin baƙar roba yana iya ƙona yaro.

Lokacin ɗari kuma, watan Disamba da Janairu, iska ce abokiyar gaba. Kada a yi ma jinjiri wanka da asuba a tsakar gida. A jira rana ta ɗaga. A shiga ɗaki, ko a nemi lungun da iska ba ta bugawa. A shirya komi kusa tun ba a tuɓe shi ba: sabulu, zanen goge jiki, riga, hula. Jinjiri yana saurin yin sanyi, musamman ta kai.

Sabon haihuwa

Da can, da an haihu sai a ɗauki jinjiri a yi mashi wanka nan take, a dirje shi har farin maiƙon jikinshi ya fita. Yanzu an gano wannan ba shi da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko har awa 24, wato kwana guda cur. Da ya faɗo, a goge shi da zane mai tsabta, a ɗora shi bisa ƙirjin uwarshi, fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa mashi nono. Farin maiƙon nan ba ƙazanta ba ne. Yana kare fatarshi, kuma da kanshi yake ɓacewa.

Bakwaini, da jinjirin da bai kai kilo 2 da rabi ba, su sai an ƙara haƙuri. Ba a gaggawar tsoma su cikin ruwa. A riƙa goge su da tsumma mai ɗumi, gaɓa-gaɓa, sauran jiki a rufe. A bi abin da ungozomar gidan likita ta faɗa.

Kafin cibiya ta faɗi, a kula kada ta zauna da lema. In ta jiƙe, a tsane ta. Kada a sa mata toka, ko ƙasa, ko kashin dabba, kada a gasa ta da tsumma mai zafi. In likita ya ba da maganin shafawa, shi kaɗai za a sa. Ta cibiya mai dauɗa ne cutar tetanos ke shiga, wadda ke sa jinjiri ya sandare ya kasa kama nono. A shekarar 2016 aka shaida Nijar ta ci ƙarfin wannan cuta ga jarirai da masu jego, albarkacin allurar mata masu ciki da haihuwa mai tsabta. Amma ƙwayar cutar tana nan cikin ƙasa, ba ta tafi ko'ina ba.

Jinjiri ƙarami ba ya shiga turɓaya, don haka wankanshi ba ya son daɗewa. Minti 5 zuwa 10 sun isa. Ba kullum ne ma yake bukatar sabulu ba. Abin da ke son wanki kowane lokaci shi ne fuska, da wuya inda nono ke taruwa, da hannuwa, da matsematsi da ɗuwawu. Ga ɗiya mace, a wanke daga gaba zuwa baya.

Riƙo da murya

Matanmu suna da dabara mai kyau tun kaka da kakanni. Mace ta zauna bisa kujera ƴar tsugunne, ta miƙe ƙafafu bisa daro, ta kwantar da jinjiri a kansu. Wannan riƙo ya yi. Jinjiri yana jin jikin mutum, ba ya jin kamar zai faɗi. A ci gaba da shi. A dai tallabe kai da wuya koyaushe, don wuyanshi bai yi ƙwari ba.

A fara jiƙa ƙafafu, sannan ciki, sannu-sannu. Kai ne na ƙarshe. Ku duba, ko babba aka kwara ma ruwa a ka ba shiri, sai ya zabura. In za a wanke kai, a ɗan karkata shi baya, a kare goshi da tafin hannu, ruwa ya bi ta ƙeya. Maɗiga ba abin tsoro ba ce, a wanke ta a hankali, ba dannawa.

Sabulu ɗan kaɗan ya isa, mara ƙamshi mai ƙarfi. Garin sabulun wankin tufafi ba na jikin yaro ba ne, yana cin fata. Soson buhu da sabon soso mai kaushi su ma ba na jinjiri ba ne. Tafin hannu ya isa, ko tsumma mai laushi da aka ware don shi kaɗai.

Akwai masu jefa jinjiri sama su cafe bayan wanka, ko su riƙe shi ta ƙafafu kai ƙasa, wai don kada ya zama matsoraci. A ganinmu wannan a bar shi. Jiki da sabulu santsi ne da shi, kuma girgiza kan jinjiri da ƙarfi tana iya taɓa ƙwaƙwalwarshi. Haka ɗura. Kada a ba jinjiri ruwan wanka ya sha, kada a ɗura mashi bauri ko jiƙo. Har wata 6, nono kaɗai ya ishe shi, ko da bazara ce.

Sai murya. Yaro yana karanta fuskar uwarshi tun bai san magana ba. In ta ɗaure fuska, tana tsaki, tana sauri, shi ma sai jikinshi ya ɗaure. In tana kallon idonshi, tana murmushi, tana kiran sunanshi, tana yi mashi kirari ko waƙar reno, sai ya saki jiki. Ba sai mai zaƙin murya ba. Muryar uwarshi ce yake so.

Wasa cikin daro

Da yaro ya iya zama da kanshi, wajen wata 6 zuwa 8, wanka ya zama wurin wasa. Ba sai an sayo komi a kasuwar Ƙonni ko ta Badagishiri ba. Kayan wasan suna nan cikin gida.

Ga ƙoƙo. A ba shi ƙaramin ƙoƙo ya ɗiba ya zubar, ya ɗiba ya zubar. Mu manya muna ganin ɓarna ce. Shi kuwa aiki yake yi. Yana koyon riƙo, yana koyon cika da wofi. A ba shi ludayi da moɗa, ya juye ruwa daga wannan zuwa wancan.

Ga tsohuwar robar ruwa, ko ƙoƙon da ya tsage. A huda gindin da ƙusa wuri huɗu ko biyar. In an cika shi aka ɗaga, sai ruwa ya zubo kamar ruwan sama. A fara zuba mashi a ƙafa, sannan a hannu, sannan a baya. Da haka ne yaron da ke tsoron ruwa a ka yake sabawa, har wata rana shi da kanshi zai ɗora abin bisa kanshi.

Ga kiɗan ruwa, wanda mata suka sani a wurin biki. A kifa ƙaramar ƙwarya bisa ruwan daro, a ɗan buga da ludayi. Yaro zai yi dariya, zai karɓe ludayin ya buga da kanshi. Kowa zai jiƙe, amma ba komi.

Ga karan dawa. Yayye maza sun iya ƙera mota da kara. To, su ƙera ma ƙanensu jirgin ruwa. A feƙe bawon da kyau don yana yanka. Ɗan shekara 3 ko 4, a ba shi kara da dutse babba, a tambaye shi: "Wanne zai nutse? Wanne zai tsaya sama?" A bar shi ya gwada ya gani.

Ga kumfa. A murza sabulu a hannu, a haɗa babban yatsa da manuni kamar zobe, a hura a hankali. Ƙwan kumfa zai tashi, yaro ya bi shi ya fasa. A yi mashi gemun kumfa a haɓa, a ce ga mai gari ya fito. A dai kiyaye ido.

Wasan da ya fi duka amfani ba ya son kayan aiki ko ɗaya. Shi ne kiran sunan gaɓoɓi. "Ina hanci? Ga hanci. Ina kunne? Kawo ƙafa. Saura ɗayar." A ƙirga yatsu ana wanke su: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Yaron da ake yi ma haka kullum yana tara kalmomi, bakinshi yana buɗewa. Masana sun tabbatar ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi saurin girma a shekarun farko, tun daga ciki har shekara 3. Magana da wasa abinci ne gare ta. Uwar karkara ba ta da lokacin zama ta yi wasa da ɗa, mun sani. Amma lokacin wanka, hannunta da idonta suna kanshi dama. Minti goman nan nashi ne.

Ɗan shekara 2 zuwa sama yana son ya ce "ni zan yi". A bar shi. A ba shi tsumma ya wanke cikinshi da gwiwoyinshi, uwa ta wanke baya da wuya. Yarinya ta kawo ƴar tsanarta ta roba ta yi mata wanka, ita ma ana yi mata. A tambaye shi: "Hannu za mu fara ko ƙafa?" Ko wanne ya zaɓa, wanka dai ya tabbata.

Abu biyu a kiyaye wajen kayan wasa. Kada a ba yaro abin da zai shige bakinshi, kamar murfin kwalba, tsakuwa, ɗan kwalba ko wuri, don yana iya shaƙe shi. Kada a ba shi gwangwanin tumatir mai kaifin baki. In an gama, a ɗauraye kayan a shanya su a rana.

Kuma kada a mai da wanka horo. "In ba ka yi shiru ba in yi maka wanka da ruwan sanyi." Wanda ya faɗi haka ya ɓata aikin wata guda. In yaro ya riga ya tsorata, kada a danne shi. A koma goge jiki da tsumma kwana kaɗan. A bar shi ya yi wasa da ruwa daga wajen daro. Gobe ya sa ƙafa. Jibi ya zauna. In ya ga yayanshi yana wasa a ciki, kishi ma zai kawo shi.

Fuska da hannu

Wajen fuska ne yara suka fi yin gardama, kuma ita ce ta fi bukatar wanki. Kwantsa da majina suna kiran ƙuda. Ƙuda ya tashi daga idon wannan yaro ya sauka a na wancan, ya kai amodari. Hannu da tsumman da aka yi tarayya su ma suna kai shi. Amodari yana farawa tun ana yaro. In ya yi ta dawowa, da girma sai gashin ido ya juya ciki, yana gogar ido har mutum ya makance. Wanke fuskar yaro kullum yana cikin manyan hanyoyin kare shi, kuma moɗa guda ta isa.

A mai da shi wasa. Uwa ta rufe fuskarta da tsumma, ta buɗe, ta ce: "Ga ni!" Sannan ta rufe tashi, ta goge, ta buɗe. A ce mashi ya rufe ido ya ƙirga zuwa biyar. Kowane yaro da tsummanshi. Hannu kuma a saba mashi da sabulu kafin cin abinci da bayan ya yi kashi, don zawo ta hannu yake shiga baki.

Wane ruwa?

A tuddan Adar, wajen Illela, akwai garuruwan da rijiya ke da zurfi, ruwa sai an sha wuya. Mace za ta ce: "Ruwan sha ma da ƙyar, balle na wasa." Gaskiya ne. Amma wasan da muke faɗi ba ya cin ruwa. Lita 3 ko 4 cikin daro sun ishi ƙaramin yaro, ruwan da ya ɗiba cikin daron yake komawa. A bar moɗa biyu masu tsabta a gefe don ɗauraya.

A kwarin Magiya kuwa matsalar daban ce. Akwai madatsun ruwa na Mozage da Zango, masu ba gonakin rani na Ƙonni ruwa. Akwai madatsar Galmi, inda ake noman albasar da sunanta ya kai ƙasashe. Ruwa ga shi kwance cikin tabki da hanyoyin ban ruwa, sai a ga ya fi sauƙi a tsoma yaro ciki a cuɗa shi. Kada a yi. Cikin irin wannan ruwa ne ƙananan katantanwa ke zama, su ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar ba ta ganuwa da ido. Ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Bayan wani lokaci sai a ga yaro yana fitsarin jini. Wasu suna cewa alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, cuta ce, tana shan jini, tana ɓata mafitsara. Tun 2004 Nijar ta fara rabon maganinta ga yara ƴan makaranta. In an zo rabo a karɓa.

Ruwan famfo ko na rijiya mai murfi ya fi. In ba wani sai na tabki, a ɗebo shi a aje cikin randa ko bido kwana 2 cur kafin a yi wanka da shi, tsutsar za ta mutu. Ko a tafasa shi a bar shi ya huce. Wannan don wanka ne muke faɗi, ruwan sha yana da tashi ƙa'ida.

Kada a juya baya

Wannan magana a karanta ta sau biyu. Ba a barin ƙaramin yaro cikin ruwa shi kaɗai, ko na ƙiftawar ido. Ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba yana iya kashe jinjiri in ya kife. Kanshi yana da nauyi, ba ya iya ɗagowa. Kuma ba ya kuka, ba ya motsin da za a ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya cikin shekarar 2021. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara 5 ba.

In tuwo zai ƙone, ya ƙone. In an yi sallama, mai sallama ya jira. In salula ta yi ƙara, a bar ta. In tashi ya zama dole, a naɗe yaro a zane a tafi da shi. Yarinya ƴar shekara 6 ko 7 tana iya taya wasa, amma ba a bar mata tsaro ba, ita ma yarinya ce. Da an gama a zubar da ruwan, a kife daron. Bokiti da baho masu ruwa a rufe su. Da damina kuma a sa ido kan kududdufi da ramin da aka haƙa ƙasar gini.

Aikin wa ne?

A ƙasar Hausa akwai kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunanshi, ba ta yi mashi wasa gaban mutane. Ba mu ce a yar da al'ada ba. Amma ɗan fari shi ma yana son fuska mai dariya. In uwa tana jin nauyi a tsakar gida, ta yi mashi wankan cikin ɗaki, inda ba idon kowa. Ko kaka ta karɓa, tunda tsakanin kaka da jika dama wasa ne.

Mai gida, kai ma da naka. Sabulu naka ne, kada ya yanke. In kana da amalanke, bido biyu na ruwa ba za su gagare ka ba. Kuma ba abin kunya ba ne uba ya riƙe zane ya karɓi ɗanshi daga wanka, ko ya wanke ma ɗanshi namiji jiki ran Juma'a kafin masallaci.

A tsai da lokaci guda kullum, yaro ya san shi. Kada a yi wanka yana jin yunwa, ko barci ya kama shi, ko yanzu ya ƙoshi da nono, don zai yi tumbuɗi. Wankan marece da ruwa mai ɗumi yana sa yara da yawa barci mai daɗi.

Ido bisa jiki

Lokacin wanka ne kaɗai ake ganin jikin yaro duka. A duba. Akwai ƙuraje tsakanin yatsu, yana susa da dare? Wataƙila ƙazwa ce, kuma maganinta sai an yi ma gida duka, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana. Akwai makero a ka? Ƙafafu sun kumbura? Haƙarƙari ya fito, hannu ya rame? Idon jinjiri ko tafin hannunshi ya yi rawaya? Cibiya ta yi ja, tana ruwa ko wari? Duk wanda aka gani cikin waɗannan, a tafi gidan likita, kada a jira ranar kasuwa.

In jikin yaro ya yi zafi, kada a kwara mashi ruwan sanyi. A rage mashi tufafi, a goge shi da tsumma mai ɗumi-ɗumi, a ba shi nono ko abin sha, a kai shi a auna jininshi a ranar, don zazzaɓin cizon sauro ba ya jira. Mai ƙyanda ma, ba gaskiya ba ne cewa ruwa ba ya taɓa shi. A kai shi likita, a riƙa goge mashi jiki da ido da baki a hankali. Yaron da aka yi ma allurar rigakafi shi ma ana yi mashi wanka.

Da an fito da yaro daga ruwa, a naɗe shi nan da nan, har kai. A tsane shi da dannawa a hankali, ba gurzawa ba. A bi lungu-lungu: bayan kunne, wuya, hammata, matsematsi, tsakanin yatsun ƙafa. Lokacin ɗari a shafa mashi man kaɗe ko wani mai mara turare, ana matsa ƙafafu da baya sannu-sannu. Man zafi da man canza launin fata ba na yara ba ne. Hoda kuma kada a bunƙa ta kusa da hancinshi. Kada a sa tsinke ko ashana cikin kunne, a goge wajen kawai.

Ruwan wankan kada a bar shi ya kwanta a bakin ƙofa, sauro da ƙuda su samu. A kai shi gindin bedi ko wani icce da ke tsakar gida, a juye.